Mai Wuƙa Goma, Alhali Ɗaya Ta Isa Yanka

Idan Bahaushe ya ce wane shi ke da wuƙa da nama, to, ya gama magana ke nan, watau iko duka ya taru a hannun mutum ɗaya, ya yanka inda ya so, ya bar inda ya so. Abin lura shi ne wuƙa ɗaya maganar ta ambata, domin ɗaya ta isa ta raba sa komai girmansa. Amma duk da haka akwai mutane a duniya, har da ƙasar nan, waɗanda za a tarar da wuƙa goma ko ashirin a ɗakinsu, kowace da kubenta, ana goge su, ana shafa musu mai, alhali kuwa waɗansu daga cikinsu ba su taɓa shan jinin ko da kaza ba. A ƙasashen Turai da Amurka abin ya zama sha'awa mai zaman kanta, kamar yadda waɗansu ke tara kan sarki na wasiƙa ko tsofaffin kuɗi. Har ma a birnin Atlanta na Amurka akan ci kasuwar wuƙaƙe zalla sau ɗaya kowace shekara, maƙera da masu saye su taru daga ƙasashe dabam-dabam. Wanda ya ji wannan ya ce ai aikin Bature ne da ya ƙoshi ya rasa abin yi, to, ya dakata tukuna, ya leƙa unguwar Sabo ta birnin Badun.

An kafa Sabo a 1916, sa'ad da aka ware wa Hausawa fili a gefen gari, kusa da Mokola, bayan sun daɗe suna zaune cikin birni tare da masu masaukinsu Yarbawa. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, hanyarsa ta kai Kano a 1911, sai ciniki ya buɗe: shanu suna gangarawa kudu, goro yana hawa arewa. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a 1962 da 1963, ya tarar da mutanenta sun ɗan haura 4,000, ya kuma rubuta cewa a wancan zamani ana sayar da shanu kusan 75,000 a kasuwar Badun kowace shekara. Da yake saniyar Arewa ba ta jimre wa ƙudan tsando na kurmi, tilas a sayar da ita da gaggawa, sau da yawa a kan bashi, mai gida Bahaushe ya tsaya tsakanin falke da mahaucin Bayarabe. Ashe ke nan tun fil azal abincin Sabo a kan abu biyu ya tsaya, amana da kaifin wuƙa. Yau babbar kasuwar shanu tana can wajen Akinyele, an kuma ɗauke mayanka daga Bodija zuwa Amosun a 2018, amma har yanzu mutumin Badun in ya yi marmarin tsire da dare, Sabo yake nufa.

SANA'A CE MAFARI

A irin wannan unguwa ba a fara tara wuƙa don sha'awa, sana'a ce take fara tara wa mutum. Mahauci na ƙwarai ba ya yin aiki da wuƙa ɗaya. Yana da ta yanka, doguwa, wadda ba ya yarda ta taɓa ƙashi. Yana da ta fiɗa, gajeriya mai ɗan lanƙwasa, don kada ta huda fata, gama fatar da ta huje ta faɗi a kasuwa. Yana da gatari ko barandami na sarar ƙashi. Mai kilishi kuwa da mai tsire suna da siririya wadda ke shimfiɗa nama har a ga hasken fitila ta cikinsa. Haka wanzami, in ya buɗe zabirarsa, askar aski dabam, ta tsaga dabam, ta kaciya dabam. Baduku yana da tasa ta yankan fata, malamin allo yana da 'yar ƙaramarsa ta fiƙe alƙalami.

To, daga nan ne sha'awa take shigowa ba sallama. Mutumin da ya shekara talatin yana riƙe da wuƙa tun daga asuba har dare, hannunsa ya san nauyinta kamar yadda mahayi ya san tafiyar dokinsa. Ran da ya ga wadda ta fi tasa zama a hannu, sai ya saya, ko da ba ya bukatarta. Tsohuwar kuma, wadda dutsen washi ya cinye har ta koma kamar tsinke, ba ya iya jefar da ita, don da ita ya yi aure, da ita ya biya kuɗin makarantar 'ya'ya, watakila da ita ya tara guzurin Makka. Sai ya naɗe ta a tsumma ya sa a akwati. Kafin ya ankara akwatin ya cika, shi kuwa in aka ce masa mai tara wuƙaƙe ne sai ya yi dariya.

AIKIN MAƘERI

Dalili na biyu shi ne gwanintar da ke cikin ƙira. Maƙeran baƙi na dā sukan narka tama da kansu su fitar da ƙarfe. Na yanzu sun fi amfani da tsohon sifirin na mota, saboda ƙarfensa yana riƙe kaifi. Ana hura wuta da zuga-zugi a kan gawayin ƙirya, ƙarfe ya yi ja, a kama shi da awartaki a aza bisa uwar maƙera, a yi ta bugu da masaba har siffa ta fito. Amma asirin duka yana wurin tsoma shi a ruwa ko a mai. In ƙarfe ya yi tauri da yawa, sai ya karye ran da ya gamu da ƙashi. In ya yi taushi, sai bakinsa ya naɗe, a wuni ana wasawa. Tsakanin waɗannan biyu akwai wata 'yar gaɓa siririya, wadda maƙeri ke ganewa da launin ƙarfe kaɗai, ba ma'auni ba agogo. Wannan gaɓa ita ce mai tara wuƙa yake nema. Shi ya sa za a ga ya ƙwanƙwasa ruwan wuƙa da farce ya kai kunne, ko ya gwada ta a kan gashin hannunsa, ya yi murmushi shi kaɗai.

Wuƙa kuma ba ta ƙarewa a hannun mutum ɗaya. Yarbawa, maƙwabtan mutanen Sabo, suna da karin magana mai cewa komai kaifin wuƙa ba ta sassaƙa ƙotarta. Wani ne zai yi ƙota da itace ko ƙaho, maƙerin fari ya yi mata zobe da tagulla ko azurfa, baduku ya ɗinka kube da jar fatar akuya irin ta Sakkwato, ya yi masa zane da kore da baƙi. Wanda ya riƙe kyakkyawar wuƙa a kubenta, sana'a uku ko huɗu ya riƙe a tafin hannu. Su ma Yarbawa ba baya ba ne wajen girmama ƙarfe. Badun ta soma ne a matsayin sansanin yaƙi wajen 1829, akwai unguwar maƙera a cikinta mai suna Agbede Adodo, a al'adarsu ta gargajiya kuma maƙeri da maharbi da mahauci duk a ƙarƙashin Ogun suke, wanda suke ɗauka shi ne ubangidan ƙarfe.

Son baƙon ƙarfe ma ba yau ya fara ba a ƙasar Hausa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana kawo ruwan takobi wajen 50,000 kowace shekara ta hanyar Sahara, akasari ƙirar garin Solingen na Jamus, sa'an nan a yi musu ƙota da kube a Kano, a sayar wa Buzaye da Barebari da sauran maƙwabta. Waɗansu daga cikin takubban suna ɗauke da tambarin jinjirin wata guda biyu, tambarin ya yi farin jini har maƙeran gida suka riƙa buga shi a kan nasu don su yi daraja. A ƙarni na 20 kuma sai 'yan wuƙaƙe masu naɗewa suka shigo: Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen a 1902 domin kasuwar Afirka, aka mai da masana'antarta Afirka ta Kudu a 1988, da Douk-Douk ta Faransa, wadda ta fito a 1929 ta bazu a ƙasashen da Faransa ta mulka. Yau masu tara wuƙaƙe a Turai suna farautar tsofaffin irin waɗannan, alhali a dā kowane ɗan koli yana da su a faifansa.

WUƘA TANA ƊAUKE DA TARIHI

Dalili na uku ya fi waɗannan zurfi. Tarihin Hausa Bakwai kansa da wuƙa ya buɗe. Labari ya nuna Bayajida ya biya ta Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa, da ita ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, har yau kuwa fadar Daura tana ajiye da makamin da ake jingina masa. A Katsina akwai takobin da ake kira Gajere, wanda ake dangantawa da Muhammadu Korau, yana cikin kayan sarauta da ake miƙa wa sabon sarki. Ba wanda yake yaƙi da Gajere yau, amma da zai ɓace, Katsina ba za ta yi barci ba.

Haka abin yake a sauran duniya. A fadar Topkapi ta birnin Istanbul ana ajiye da takubban da ake jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da manyan sahabbansa. A nan ne kuma aka ajiye wata wuƙa mai manyan duwatsun zumurrudu uku a ƙotarta, wadda Sarkin Daular Usmaniyya Mahmud na Ɗaya ya aika wa Nadir Shah na Farisa kyauta, aka kashe Nadir Shah a 1747 tun manzanni suna hanya, suka juyo da ita gida. A kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda aka gano a Masar a 1922, an sami wata wuƙa da bincike na 2016 ya tabbatar an ƙera ta da ƙarfen dutsen da ya faɗo daga sama. Mutumin Yaman yana ɗaura jambiyarsa a ciki kamar yadda Bahaushe ke sa hula, ƙasar Oman kuwa har a tutarta ta zana tata wuƙar.

To, abin da Gajere yake ga Katsina, shi ne wuƙar kaka take ga gida ɗaya a Sabo. Mutumin da ya baro Kano ko Katsina ko Maraɗi ya gangaro kurmi da shanu ba ya iya ɗauko gona, ba ya iya ɗauko soron gidansu, amma wuƙar ubansa tana shiga cikin jaka. Yau a Sabo akwai jikoki da tattaɓa-kunne waɗanda a nan aka yanke cibiyarsu, suna jin Yarbanci kamar 'yan gari, waɗansunsu ba su taɓa taka garin kakansu ba. Ranar babbar Salla, in mai gida ya fito da wuƙar layya ya zauna yana wasa ta, yara suka kewaye shi, a nan ne sukan ji sunan maƙerin da ya yi ta, da garin da aka yi ta, da hanyar da ta biyo, da wanda ya fara riƙe ta. Wuƙar tana yanka rago ɗaya a shekara, amma labarin da take jawowa ya fi naman ragon daɗewa a cikin gidan.

INDA KUƊI SUKA SHIGO

Dalili na huɗu shi ne kuɗi, kuma a nan ake yin hasara. Tsohon makami mai asali, daraja yake ƙarawa da shekaru. Tun zamanin Turawa fatake Hausawa suka shahara da kai kayan hannu gidajen Turawa a Badun da Ikko, da tabarmi da jakunkunan fata da takubba da wuƙaƙen damtse irin na Buzaye. Da yawa daga cikin abin da ya fita ta wannan hanya yana gidajen tarihi na Turai yanzu. Gidan tarihi na Pitt Rivers da ke Oxford a Ingila, wanda aka kafa a 1884, asalinsa kayan wani janar ne da ya soma da tara makamai. Can an rubuta wa kowane abu lamba da inda ya fito, a nan kuwa magada sukan sayar da takobin kakansu a kan kuɗin da ba zai kai su ƙarshen wata ba.

Ya kamata a sani dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izini ba, kayan hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 kuwa suna cikin abin da dokar ta kare. Mai saye shi ma sai ya buɗe ido, gama akwai masu ƙera sabuwar wuƙa su binne ta a ƙasa mai laima ta yi tsatsa, su ce ta ga yaƙin Jihadi. A ɗaya gefen kuma wuƙaƙen kanti masu ƙyalli da arha, waɗanda ake shigowa da su daga ƙasashen waje, sun cika kasuwa, maƙerin gida yana zaune wutarsa ba ta ci kullum. In aka ci gaba a haka, tsofaffin za su ƙare a ƙetare, sababbin kuma ba mai ƙera su.

KAIFI BA SHI DA ABOKI

Duk da wannan, ba a yabon wuƙa a manta da abin da take. A biranen Arewa an ga yadda 'yan daba da masu ƙwacen waya suka mai da ita abin tsoro, samari nawa aka binne saboda wayar da ba ta kai kuɗin tunkiya ba. Wanda ke zaune a Sabo kuwa yana da ƙarin dalilin yin hattara, domin komai daɗewarsa a Badun, ran da rigima ta tashi baƙo za a kira shi. Rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairu 2021 daga 'yar gardama ya soma, ya ƙare da hasarar rayuka da ƙone rumfuna da gidaje, mutane da yawa suka kwashe iyali suka yi arewa. A watan Maris 2025 kuma an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyar zuwa gida Salla, bayan an tsare motarsu an ga bindigogin farauta. Laifin wannan aika-aika yana wuyan waɗanda suka ɗauki doka a hannunsu, ba shakka. Amma ya nuna irin zamanin da aka shiga, zamanin da kayan sana'ar mutum kan zama hujja a kansa a wurin waɗanda ba su san shi ba.

Saboda haka tilas a rarrabe tsakanin mai ajiye wuƙa da mai yawo da wuƙa. Na farko ya san darajarta, shi ya sa ba ya zare ta a banza. Na biyu kuwa ita ke jansa, ba shi ke riƙe da ita ba. Addinin Musulunci bai bar wannan ba bayani ba. Manzon Allah ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabba, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, ya hana a miƙa takobi a zare, ya kuma ce wanda zai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya kama tsininsu kada ya ji wa wani ciwo. Wanda ya bi waɗannan, ko wuƙa ɗari ya tara maƙwabcinsa zai yi barci da minshari.

Shawarar da za a ba mai wannan sha'awa ba ta da yawa. Ya ajiye wuƙaƙensa a akwati mai makulli inda hannun yaro ba ya kai. Ya shafa musu mai, musamman a kurmi inda laima ke cin ƙarfe, kada kuma ya bar su cikin kuben fata wata da watanni ba dubawa, don fata tana riƙe danshi. Ya sa a rubuta masa, ko da ajami ko da boko, sunan maƙerin kowace da garinsa da wanda aka gada daga gare shi, gama wuƙar da labarinta ya ɓace ta koma ƙarfe kawai. In tafiya ta kama, ya naɗe kayan sana'arsa cikin kaya, kada ya soke a ƙugu. In kuwa yana da abin hannu, ya ba maƙerin da ke raye aiki, ya biya shi da kyau, ya ce ya buga tambarinsa, domin abin da aka ƙera bana shi ne zai zama na kaka nan da shekara sittin.

Shugabannin Sabo, daga Sarkin Hausawa zuwa shugabannin mahauta da wanzamai, su ma suna da abin yi. Akwai Gidan Tarihi na Haɗin Kan Ƙasa a nan Badun, a Aleshinloye. Da za a tattara aron tsofaffin wuƙaƙe da asake da takubban unguwar, a jera su kusa da aikin maƙeran Yarbawa, a gayyato 'yan makaranta na ɓangarorin biyu, da yaran gari sun ga cewa wuƙar Bahaushe ta fi shekara ɗari tana ciyar da Badun nama, yaran Sabo kuma sun ga abin da kakanninsu suka zo da shi. Allah ya ba da ikon yi, ya kuma tsare jama'a daga sharrin ƙarfe, amin.